Incaji da Allurar Surukinsa

Ni dai Allah bai yi ni da riƙe abu a ciki ba. In magana ta shiga raina sai na faɗa wa wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba, in ya ƙi saurare in raka shi da ita har bakin ƙofa. A gidanmu na Tambuwal an san ni da wannan tun ina ƙarama. To mai irin wannan hali aka zaɓa aka tura bitar allura, kuma har yau ina ganin wanda ya zaɓe ni bai san abin da ya jawo wa abokan aikina ba.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Kebbe. Mu uku ne. Akwai incaji, wato shugabanmu, akwai ni mai awon ciki da karɓar haihuwa, sai wani abokin aikinmu mai rigakafi wanda rabin rayuwarsa a kan babur take, daga wannan ruga zuwa waccan da kular magani ɗaure a baya. Ranar Juma'a in hanya ta yarda nakan hau kabu-kabu in tafi gida, in dawo da ciwon baya.

A Tambuwal aka yi bitar, a wani zaure mai fanka ɗaya mai kuka. Na tafi ne da niyyar in ga tsofaffin ƙawayen makaranta, in ci shinkafar tsakar rana, in ɗan yi gyangyaɗi. Sai ga malamar da za ta koyar, wata 'yar ƙaramar mata daga Sakkwato, tsohuwar nas, muryarta ta fi jikinta. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce duk wanda allurar da aka riga aka yi wa majinyaci ba ta taɓa sokarsa ba, ya ɗaga hannu. Muka dubi juna. Hannu ko ɗaya bai tashi ba, dariya ce ta tashi. Ta ce to da ta soke ku me kuka yi? Wani ya ce ya tsotse yatsan ya tofar. Wata ta ce ta matse wurin sai da ya yi fari, ta zuba sifirit. Wani dattijo daga Sanyinna ya ce shi salati ya yi ya ci gaba da aiki, don layi ya yi tsawo. Ta tambaya ko akwai wanda ya taɓa faɗa wa shugabansa. Nan ma babu.

Daga nan ta raba mana jan biro, kowa ɗaya. Ta ce mu cire murfi mu mayar, mu cire mu mayar, da sauri yadda muke yi wa allura, amma idonmu a kanta. Ta shiga ruɗa mu, tana kwaikwayon kukan jariri, tana kiran Malama zo ga mai naƙuda, Malam fito wani ya suma. Muna yi muna ƙyalƙyala dariya. Da ta ce mu tsaya kowa ya dubi hannunsa na hagu, sai muka duba. Babban yatsana da manuni duk jan ɗigo ne. Ta ce mu ɗauka kowane ɗigo jinin wani ne, kuma ba mu san abin da ke cikinsa ba.

Mu duk tsoronmu a kan ƙanjamau yake. Ita ta ce ciwon hanta ya fi shi saurin bin allura nesa ba kusa ba, kuma mutum yakan yi shekaru da shi yana noma yana fatauci bai sani ba. Ta ce allura in ta fito daga jikin mutum ba ta da sauran hulɗa da murfinta, kwalin zubar da allurai ne gidanta, kuma kwalin ya kasance inda hannu zai kai ba sai an tashi ba. In tsautsayi ya gitta, ba tsotsa ba matsa, ruwa mai gudu da sabulu, sannan a faɗa, a nemi izinin majinyacin a duba jininsa, a nemi magani tun a ranar, don abin ba ya jira. Shekara da shekaru ina aikin nan, ban taɓa jin an jera mini shi haka ba. Ji na yi kamar a buɗe ƙofa in ruga Kebbe a ƙafa.

Na koma da kwalaye masu ruwan ɗorawa, a shimfiɗe, an ɗaure su a bayan kabu-kabu, ni kuma na riƙe su da hannu ɗaya duk tsawon hanya kada gargada ta zubar mini. Ko mayafi ban cire ba na zauna na harhaɗa su. Tsohon gwangwanin madarar da muke tara allurai a ciki na sa aka ƙone abin da ke cikinsa aka binne. Na ajiye kwali a ɗakin allura, na ajiye a ɗakin haihuwa, na ɗaura ɗaya a babur ɗin mai rigakafi yana ta mita. Na nemo jan biro na yi musu abin da aka yi mana. Matan awo ma ba su tsira ba, sun zo a auna cikinsu sun koma da karatun allura. Kafin sati ya zagayo an sa mini suna uwar kwali.

Mai rigakafi bai ba ni wahala ba. Incaji ne aiki. Mutum ne dogo mai sanyin magana, ya girme ni sosai a aiki, kuma Allah ya yi wa hannunsa baiwa. Yaro yana cikin kukan tsoro za a ce masa ai an gama. Yana da wani salo na mayar da murfi, sirinji a dama, murfi a hagu, ƙyas, yana hira bai ko duba ba. Ni kuwa da na ji ƙyas ɗin nan ko ina ɗakin haihuwa sai na leƙo.

"Malam, murfi."

"Malama, tun kina firamare nika maida murfin allura, ba ta ci ni ba."

Na ce ba ta ci shi ba, amma ya faɗi tsakaninsa da Allah sau nawa ta ɗanɗana shi. Ya yi dariya. Amma mutumin kirki ne, kuma ba ya son surutu, ni kuwa surutu ne jarina. A hankali ya sallama. Ranar da na fara ganin ya zare allura ya jefa ta kwali tsirararta, sai da na yi guɗa, majinyata suka ɗauka an haihu. Abu ɗaya ya rage, rigakafin ciwon hanta. Ni na yi nawa. Shi kullum sai ya ce bari a gama kaka, bari a kai gero gida.

Ana nan, ranar wata kasuwa, da hantsi, asibiti ya cika har waje, sai ga kabu-kabu ya sauke wani dattijo. Falken shanu ne, yana kai su Kurmi, can kudu, a mota, fari dogo mai furfura a gemu, kuma shi ne uban matar incaji. Kowa yana kunyar surukinsa, amma ta incaji ta kai a zo kallo. Tun daga taga da ya hango shi ya tuɓe takalmi. Muryarsa ta shige ciki. Ya fita ya tsuguna can nesa da tsohon, kansa a ƙasa, yana gaisuwa da ƙasar da ke gabansa. Shi ma tsohon yana amsawa yana kallon wani gefe. Shekarunsu da yawa a haka, kuma suna ƙaunar juna ƙwarai.

Zazzaɓi ya kawo shi, da amai, ko ruwa ba ya zama a cikinsa. Ni na yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro a yatsa, ya nuna akwai. Na kuma lura farin idonsa ya yi ɗorawa-ɗorawa, na ajiye wannan a raina. Tunda ƙwaya ba za ta zauna ba, sai allura. Da ma in tsohon ya zo mai rigakafi ne ke yi masa, to ranar ya tafi ruga tun da safe. Na ce ni zan yi. Tsohon ya dube ni ya ce ai ni ɗiyar cikinsa ce, ba zai kwance mini tazuge ba. Na dubi incaji. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da ya shige.

Abin da ya faru bayan nan shi ya ba ni labari daga baya, don ni an kira ni wurin wata mai ciki. Ɗakin allura cike yake da mata da yara, ya ga bai kamata ya shigar da surukinsa cikinsu ba, sai ya kai shi ofishinsa ya sake labule. A ofishin nan ba a taɓa yi wa kowa allura ba, saboda haka babu kwali. Safar hannu tana aljihunsa, amma ya ga in ya sa kamar ƙyamar tsohon yake yi, sai ya bar ta. Ya tsuguna, ya duba wurin da zai soka da wutsiyar ido, ya yi allurar fuskarsa na kallon bango. Da ya zare, ga allura tsirara a hannu, ba inda zai jefa ta. Tsohon yana tsakaninsa da ƙofa yana ɗaure wando. Ba zai gitta ta gabansa da tsinin allura ba, ba zai kuma juyo ya dube shi ba. Sai hannu ya koma wa abin da ya saba. Ya laluba murfi, ido na bango, ya kai. Allurar ta kauce ta shige gindin babban yatsansa.

Ni dai na fito ɗaukar auduga na gan shi ya nufi bayan asibiti, yatsa a baki. Ban tsaya tambaya ba. Na bi shi har wurin tankin ruwa.

"Malam, fidda hannunka bakinka."

"Ba komi ba na, ɗan karce na."

Karcen da jini ke tsatsowa ya taru ya gangaro. Na buɗe famfon tanki, na miƙa masa sabulu, na tsaya a kansa yana wankewa kamar yaron da za a ba tuwo. Abin da nake ji rabi tsoro ne, rabi kuma, Allah ya gafarta mini, wani irin zumuɗi, don ga abin da aka koya mana ya zo har gida kuma na san abin yi daki-daki. Na ce masa yanzu sai a nemi izinin Baba a duba jininsa, ƙanjamau da hanta, tsinken gwajin da muke yi wa masu ciki yana nan a kabad. Ya ɗago ya dube ni kamar na zage shi.

"Ke Malama, kin san mi kika faɗi kuwa? In tafi in ce ma uban matata mi? Mutum mai zuwa Kurmi, shi kwana shi tashi can, in ce a dibi jininai don ƙanjamau? Mi za shi ɗauka nika nufi? Na bar ma Allah."

Nan raina ya ɓaci. Na ce masa Allah ya riga ya yi nasa. Ya sa abin ya faru da rana tsaka, tsohon bai tafi ba, kayan gwaji na kabad, babura na bakin ƙofa. Saura namu. Na tuna masa idon tsohon, na tuna masa rigakafin da yake ta jira a kai gero gida. Sai ya ce to ko mu ce wa tsohon gwajin zazzaɓin ne bai fito ba, a sake. Na ce a'a, irin wannan gwajin ba a yi wa mutum a ɓoye, kuma in ya fito da wani abu da wane baki za mu faɗa masa? Na ce in ya ɗauki ciwon nan ba shi kaɗai ya ɗauka ba, gida zai kai, wurin ɗiyar tsohon nan da yake jin kunya, ga jinjiri a bayanta. Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Duk da haka ya ce a matsayinsa na incajina ya hana ni. Na ce ya kai ƙarata Kebbe gobe, yau dai sai na je.

Tsohon yana gindin dogonyaro a kan tabarma, yana jiran jiri ya sake shi ya koma gida. Na kuma ji yana faɗa wa mai kabu-kabunsa cewa gobe motar shanu za ta tashi, in ya ji sauƙi da shi za a tafi. In ya tafi kuwa sai bayan makonni. Na je na durƙusa. Bakin nan nawa da ba ya gajiya, ranar sai da ya yi nauyi. Na gaishe shi da jiki, na sake gaishe shi da jiki, na tambayi mutanen gida, na tambayi shanu. Ya ce, "Ɗiyata, faɗi abin da yak kawo ki."

Na sa mai kabu-kabun ya ba mu wuri, sannan na faɗa. Na ce allurar da aka yi masa ta soki mai yin ta. Na ce ƙa'idar aikinmu ce in haka ta faru a duba jinin majinyaci, ko wane ne shi, ko limami ne ko jariri, don a san maganin da za a ba wanda ta soka tun bai makara ba. Ya tambaya wane ciwo ake nema. Na ce ciwon hanta. Ya ci gaba da kallona, don ya ga ban gama ba. Na sunkuyar da kai na ce da ƙanjamau.

Ina jin hayaniyar kasuwa can nesa, ina jin gumi yana bin bayana. Na fara tunanin na raba zumunci da bakina, kuma gobe da gaske zan amsa tambaya a Kebbe. Sai ya tambaya ko ta shiga da zurfi. Na ce ta shiga. Ya tambaya shi mutumin ne ya aiko ni? Na ce a'a, hana ni ma ya yi. Ya girgiza kai, ya ce in kira masa shi.

Incaji ya zo ya tsuguna inda ya saba, can nesa. Tsohon bai dube shi ba, ni ya duba.

"Faɗa mashi, ɗiyata nib ba shi, da hannuna. Ɗigon jini na za ni hana mashi?"

Ban maimaita ba, don an ji. Incaji dai kansa ya ƙara yin ƙasa. Tsohon ya dafa bishiya ya miƙe da kansa, ya nufi ofishin nan. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce mini wani abu kuma, wai incaji ne ya fara, shi zai ƙarasa, shi zai ɗebi jinin. Amma wannan karon ya sa safarsa, ya kuma buɗe idonsa, don shi bai ba da ɗiyarsa ga makaho ba. Dariya ta kusa ƙwace mini. Na ruga ɗakin allura na sungumo kwali guda na dire shi a kan teburin incaji, daidai gwiwar hannunsa.

Ya sa safa. Ya kama yatsan surukinsa, ya dube shi sosai, ya soka, ya jefa tsinin a kwali. Muka ɗiga jinin a tsinken gwaji biyu muka zauna jira. Layi ɗaya lafiya, layi biyu akwai ciwo. Na ƙanjamau ya tsaya a layi ɗaya, na ce alhamdu lillahi a fili, tsohon ya ce shi da ma bai yi shakka ba. Na hanta kuwa, muna kallo layi na biyu ya fito, ja sosai. Na faɗa masa gaskiya, na ce shi ma sai ya je babban asibiti an duba shi da kyau, tafiyar Kurmi ta dakata. Bai tambayi komai a kan kansa ba. Ya ce to shi wannan fa, me za a yi masa, kuma yaushe? Na ce Tambuwal, yanzu. Ya leƙa waje ya kira mai kabu-kabunsa ya ce ya ɗauki incaji, shi zai jira wani.

Allah ya taimaka mai rigakafi ya dawo daidai lokacin, muka bar masa asibiti. Na tari wani babur na bi bayansu. Ban taɓa jin daɗin hanyar nan ba sai ranar. Gero ya kai, ya yi duhu hagu da dama, ruwan sama ya zaizaye hanya ya bar kwazazzabai, muna faɗawa rami muna fita, ni kuwa ina ta ce wa mai babur ya ƙara wuta. Duk inda waya ta kama sai in kira malamar bitar nan, in yi mata ihu cikin iska, ta ce ba ta ji, in sake. A ƙarshe dai ta gane, ta faɗa mini wanda za mu nema in mun isa, ta ce mun yi daidai. Jin wannan kalmar daga bakinta ya sa na manta da bayana.

Mun shiga Tambuwal la'asar ba ta yi sanyi ba. Aka ɗebi jinin incaji don a san yadda yake tun farko, aka yi masa allurar rigakafi ta farko, aka ce da safe ya wuce Sakkwato a yi masa wata ta daban, wadda ke tare cutar kafin rigakafin ya kama jiki. Likitan ya ce da mun bari an kwana biyu da magana ta canza. Da nas ta zare allurar daga damtsensa, sai na ga mu biyu mun bi hannunta da kallo har ta jefa ta kwali. Ta ce lafiya? Muka ce lafiya lau. Na kwana a gidanmu, na ba mahaifiyata labarin yadda hanya take da yadda muka tsere wa lokaci, ban faɗi ko wane ne majinyacin ba, kuma wannan riƙewar ta fi mini tafiyar wuya.

Daga nan sai jira, don an ce sai bayan watanni za a tabbatar ko ya tsira. Aka duba matar incaji da jinjiri, suna lafiya, aka yi musu rigakafi. Aka duba iyalin tsohon da yardarsa. Shi kuwa incaji, abin da ya koma sai wanda ya gani. Ya fi ni. Ya sa kwali a ofishinsa, ya sa a cikin jakarsa ta zuwa gidaje. Ya bi masu kemis na kasuwa ɗaya bayan ɗaya da jan biro a aljihu. In ya ji wani ma'aikaci daga wani asibiti ya zo, sai ya zaunar da shi ya nuna masa tabon yatsansa ya ba shi labari tun daga farko, ba ya ɓoye cewa bango yake kallo. Wata rana ni ya kama na ajiye sirinji a tire zan ɗaura wa jariri zane, ya tsaya a kaina ya ce, "Malama, kwali." Na ji haushi, na kuma ji daɗi.

Tsohon kuwa jiki ya ƙi. A Sakkwato suka ce ciwon ya daɗe yana cin hantar a ɓoye. Aka ɗora shi a kan magani, yana zuwa yana dawowa, amma ya bar fatauci, ya rame, ciki ya fara kumbura. Duk ranar kasuwa sai ya aiko a tambaye ni ko lokacin duba mutumin nan ya yi. In ce da saura. Wani satin a sake aikowa.

Da lokacin ya yi, incaji ya tafi Tambuwal aka ɗebi jininsa. Ya dawo da rana, tun kafin babur ya tsaya na ga haƙoransa. Babu ciwon, rigakafin kuma ya kama. Na yi tsalle a gaban majinyata, ban damu ba. Ya ce in taimaka in raka shi, don shi bakinsa ba zai iya ba. Muka tafi bayan an tashi aiki.

Mun sami tsohon a zaurensa, kwance a kan buzu, an jingina masa matashi. Hannuwan nan da suka saba kama ƙahon sa sun zama ƙashi. Incaji ya tuɓe takalmi ya tsuguna a bakin ƙofa. Ni na shiga na durƙusa kusa da shi, na ce Baba, an duba, yana lafiya, bai ɗauka ba. Ya sa na sake faɗa. Ya tambayi ɗiyarsa da jikansa, na ce su ma lafiya, ai ya sani. Ya ce ya sani, so yake ya ƙara ji.

"To abin ya tsaya gare ni, ni ɗai?"

Na ce, "Kai ɗai, Baba."

Ya lumshe ido. Hawaye ya gangaro ta gefe ya shige gemunsa, bai share ba.

"Madalla," ya ce. "Abin da nika roƙo ke nan."